Tafiya Da Iyali Ba Sai Mai Kuɗi Ba: Kwana Uku Tsakanin Aliero, Jega Da Maiyama

Abin da ya jawo wannan rubutu wani littafin makaranta ne. Wata ranar Asabar ina kakkaɓe jakar babban ɗana wanda ke aji biyar na firamare, sai na ci karo da insha'in da malaminsu ya ba su a kan yadda kowa ya yi hutunsa. Yaron nan ya cika shafi guda da labarin wai mun hau jirgin sama mun tafi wani tsibiri a tsakiyar teku, mun kafa tanti a bakin ruwa, mun gasa kifi mun ci. Alhali kuwa Allah Ya sani, a wancan hutun ko tashar mota bai leƙa ba.

Da na kira shi na tambaye shi dalilin wannan ƙarya, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma, kowa a ajinmu yana da inda ya je, ni kaɗai ne ba ni da abin faɗi. A talabijin na ga wancan."

Maganar ta tsaya mini a rai. Ƙaryar ta dame ni, amma akwai abin da ya fi ta damuna. Goggon maigidana, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami, tana nan da ranta a wani ƙauye a ƙasar Maiyama, mu kuma muna zaune a Sakkwato, tafiyar da ba ta kai wuni ba, amma shekara shida rabonmu da ita. Autanmu ma ba ta taɓa ganinsa ba. Kullum uzurinmu ɗaya ne: babu kuɗi. Ɗana yana ƙirƙiro tsibirin da bai taɓa gani ba, ga kakarsa a kusa bai san fuskarta ba.

Dabarar masu tanti

Abin da yaron ya gani a talabijin gaskiya ne, ana yi. A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu ƙaramin ƙarfi da kan tafi tsibirai irin su Hawayi, su yi hayar ƙaramar mota, su ɗauki tanti da tukunya, su yi ta kewaya tsibirin suna kwana a wuraren da hukuma ta keɓe don masu tanti. Da na zauna na yi tunani sai na ga dabararsu ba wata mai wuya ba ce. Abubuwa uku ne ke cinye kuɗin matafiyi: abin hawa, wurin kwana, da abinci. Su sai suka kashe biyu daga ciki, ba su kama ɗakin otal, ba su sayen dafaffen abinci.

To ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake da haka suka yi ta zuwa Gwanja sayen goro, wata da watanni suna tafe, inda rana ta yi musu nan za su yada zango, a sauke kaya, mata su hura wuta. Har yau a biranen ƙasar Gana unguwannin Hausawa sunansu zango. Mu ne dai muka ɗauka cewa sai mai hali yake fita da iyalinsa.

Lissafi kafin a tashi

Da na kawo wa maigida shawarar, dariya ya yi, ya ce tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, motarsa ma sai ta kama dole yake fitar da ita. Ban yi masa gardama ba. Na sayi asusu, kullum abin da ya yi saura daga kuɗin cefane da ɗan cinikin ƙanƙarar da nake yi sai in jefa. Bayan wata biyar na haɗa da kwasar adashina na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallon kuɗin, sannan ya ce shi zai ɗauki nauyin duba mota.

Kuɗin na raba su kashi goma. Kashi biyar na mai, kashi biyu na abinci, kashi biyu na tsaraba, kashi ɗaya kuma na ƙulle shi a bakin zane na ce ba mai taɓa shi sai ta ɓaci. 'Yar'uwa, ki riƙe wannan kashi na ƙarshe da kyau, za ki ji amfaninsa a gaba.

Ana jibi za mu tashi na shiga haɗa guzuri. Na soya miyar dage-dage ta soyu sosai har mai ya taso, domin irinta ce ke kwana uku ba ta lalace ba ko da babu firji. Na yi dambun nama kaɗan, da cincin, na daka yaji da ƙuli-ƙuli, na auni garin rogo. Ɗanyen kaya kuwa na ɗauki shinkafa, wake, taliya, man gyaɗa, gishiri, sukari da ganyen shayi. Sai risho, tukunya biyu, jarka biyu ta ruwan sha, buta, tabarmi uku, gidan sauro uku, igiya, tocila, da fitila mai caji. A jakar hannuna na sa maganin zazzaɓi da ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa.

A nan akwai abin da nake so mu fahimta. Tafiya mai sauƙin kuɗi ba tana nufin ki kwashi 'ya'ya biyar ki sauke wa dangin da su ma da ƙyar suke ci ba. In kin yi haka ba ki rage kashe kuɗi ba, kin dai ɗora wa wani ne. Shi ya sa duk gidan da muka sauka, ɗanyen abincinmu ne ke fara shiga kafin mu.

Zangon farko: Aliero

A hutun watan Afrilu muka tashi, ana idar da sallar asuba, don mu ci hanya kafin rana ta yi zafi. Muka bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal, yara suna karanta allunan garuruwa, babansu yana gaya musu inda Jihar Sakkwato ta ƙare aka shiga Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Sakkwaton a ranar 27 ga Agusta, 1991. Da hantsi muna Aliero, a gidan wata ƙawata da muka yi makaranta tare.

Tun kafin ki shiga garin hancinki zai gaya miki inda kika zo. Aliero garin albasa ne. Da rani ake nomanta ta hanyar ban-ruwa, kuma daga nan ake lodinta a manyan motoci zuwa kudancin Nijeriya da ƙasashen maƙwabta. Mijin ƙawata ya kai mu bayan gari muka ga rudu, wato ɗan rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa a zuba albasa a ciki don iska ta riƙa ratsa ta. Ya bayyana wa yara cewa lokacin girbi albasa kan yi arha har manomi ya rasa kuɗin takinsa, wanda ya iya ajiye ta zuwa damina shi ke cin riba, amma kafin lokacin zafi da laima sun ruɓar da wani kaso mai yawa. 'Yata ta tsakiya, wadda kullum sai na yi mata faɗa a kan yanka albasa rabi ta yar da rabi, ta yi shiru tana kallon matan da ke zaune a rana suna tsince ruɓaɓɓu. Tun daga ranar ban sake yi mata wannan faɗan ba.

Abu na biyu da aka san Aliero da shi shi ne ɗori. Daga nesa ake kawo masu karaya wurin maɗoran garin, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni. A wata unguwa muka ga masu jinya sun shimfiɗa tabarmi, ga murhu ga tukwane, wata baiwar Allah ta ce mini makonta biyar a nan tana jinyar mijinta da ya yi haɗarin babur. Na dubi rishona da tabarmina, na ga kayanmu iri ɗaya ne, sai dai ni nishaɗi ya fito da ni, ita kuwa larura. Na gode wa Allah, na kuma rage mata sukari da ganyen shayi.

Da la'asar muka bi ta ƙofar jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a garin a shekarar 2006. Babban ɗana ya tambaya ko ɗan manomin albasa ma yana iya shiga. Babansa ya ce masa da yawa daga cikin waɗanda ke ciki kuɗin albasa ne ke biya musu.

Daren nan a tsakar gida muka kwana mu mata da yara, maza kuma a ƙofar zaure. Muka ɗaura igiya daga bishiyar darbejiya zuwa ƙusar bango, muka rataya gidajen sauro. Auta ya shiga nasa yana tsalle yana cewa ga tantinsa. Da bazara dama kwanan waje ya fi lafiya a kan a cunkushe a ɗaki ɗaya, domin lokacin ne sanƙarau ke yaɗuwa, kuma ba a manta da ɓarkewarsa a ƙananan hukumomin Gwandu, Aliero da Jega a watan Maris na 2025 ba. Duk mai niyyar irin wannan tafiya da zafi, ta fara zuwa asibiti ta tambayi rigakafin yaranta.

Zango na biyu: Jega

Daga Aliero zuwa Jega tafiya ce 'yar kaɗan. Jega mahaɗa ce: hanyar Sakkwato, da ta Birnin Kebbi, da wadda ta yi kudu zuwa Koko da Yawuri da Kwantagora duk a nan suke gamuwa. Masaukinmu gidan wani kawun maigida ne, tsohon malamin makaranta, wanda da ya ga yara sun kewaye shi sai bakinsa ya buɗe.

Ya ba su labarin Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna da jama'arsa a Gimbana da ke wannan yanki, da yadda harin da Gobirawa suka kai wa garin ya zama ɗaya daga cikin dalilan hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Ya ce ɗansa Buhari shi ya kafa Jega, kuma sarautar garin ita ce Sarkin Kabin Jega, a ƙarƙashin masarautar Gwandu. A ƙarni na 19 kasuwar Jega tana cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, ayarin fatake masu zuwa Gwanja a nan suke yada zango su ƙara guzuri kafin su nufi Kwara su ƙetare. Yaron da a gida ba ya iya zama minti biyar a gaban littafin tarihi, sai ga shi yana tambayar mene ne aikin madugu, mene ne na jagaba.

A kasuwa na yi abin da ya kamata kowace mai tafiya da ƙaramin guzuri ta yi, wato sayen abin da ya fi arha a inda ake samunsa. Na sayi busasshen kifi da shinkafa 'yar gida, albasa kuwa dama an cika mana buhu a Aliero. Ki dai tambayi ranar da kasuwar kowane gari take ci tun kina gida, don ki daidaita tafiyarki da ita.

Da yamma Kawu ya raka mu bakin Gulbin Zamfara, wanda wasu ke kira Gulbin Gindi, shi ne ya bi ta gefen garin kafin ya je ya haɗu da Gulbin Kabi. Da yake rani ne ruwa ya ja baya, injinan ban-ruwa suna ta ƙara a fadama. Can a tsakiya ga wani tudun yashi ruwa ya kewaye shi. 'Yata ta ƙwala ihu ta ce, "Yaya, ga tsibirinka!" Duk muka fashe da dariya har da shi. Suka so su tsallaka, na hana. Gulbi ko ya janye yana da gurbi mai zurfi, baƙo kuma bai san inda yake ba. Daga baya wani masunci da Kawu ya sani ya nuna wa babansu mashigi inda ruwan bai wuce gwiwa ba, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya kai su. A kan wannan yashi muka shimfiɗa tabarma muka ci garin rogo da ƙuli-ƙuli da dambu, muka baro wurin kafin magariba.

Zango na uku: Maiyama

Ranar ta uku ce muka yi kuskuren da nake so ku guje masa. Hira ta yi daɗi a Jega, ba mu tashi ba sai bayan la'asar, muna cewa ai Maiyama nan ce kusa. Mun wuce garin Maiyama mun saki kwalta mun kama hanyar ƙauye ke nan, sai taya ta yi faci. Maigida ya fito da safaya, ashe ita ma babu iska. Ya duba baƙin mai, ya duba birki da ruwan lagireto tun a Sakkwato, amma bai tuna da ita ba. Ga rana tana shirin faɗuwa, ga mu da yara a dokar daji, kuma duk wanda ya san halin da hanyoyinmu suke ciki a 'yan shekarun nan ya san abin da ke raina a lokacin. Ban ce masa komai ba, don na ga shi ma hankalinsa ya tashi, faɗa kuma ba ya hura taya.

Allah Ya kawo wani mai babur. Nan na kwance bakin zanena na fito da kashi na goma. Da shi aka kai tayar Maiyama wurin mai faci aka dawo da ita, aka sallami mai babur. Ana kiran magariba muka shiga ƙauyen.

Goggo tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Ta ɗaga fitila ta haska fuskar maigida, sai ta saki carbin ta rushe da kuka. "Ashe ina da rabon ganin ɗiyan ga kahin in mutu? Wanga shi na autan?" Ta jawo shi ta ɗora a cinya tana shafa kansa. Mutumin da na aura shekara goma sha uku ban taɓa ganin hawayensa ba, ranar na gani.

Kafin mu ajiye kaya gidan ya cika. Aka kawo fura da nono, ni kuma na shiga madafa tare da matan gidan muka tuƙa tuwon shinkafa da miyar kifin da na sayo a Jega. Sun ba ni labarin ambaliyar 2020 da ta cinye musu shinkafa a fadama ana gab da girbi, da yadda suka ci wannan shekarar da ƙyar. Na tuna sau nawa a shekarar nake ƙorafin tsadar shinkafa a Sakkwato, ban taɓa ɗaga waya na tambayi yadda suka kwana ba.

Da dare aka baje tabarmi a tsakar gida. Babu wutar lantarki, babu talabijin, sai taurari kamar a miƙa hannu a taɓa. Goggo ta yi wa yara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ta kuma ba su labarin ƙiriniyar babansu, har da ranar da jaki ya kayar da shi a hanyar gona. Da asuba kafin kowa ya sa takalmi ta sa aka kakkaɓe su, sai ga kunama ta faɗo daga na 'yata. Wannan ma darasi ne: da zafi a ƙauye kada yaro ya zura ƙafa a takalmi bai kakkaɓe ba.

Ga mai niyyar gwadawa

Kada ki kwaikwayi masu tanti har ki kwana a daji ko a bakin hanya. Su suna da wuraren da aka tanada da masu gadi, mu kuwa tantinmu shi ne tsakar gidan dangi. Ki sanar da masu masaukinki tun da wuri, kuma ki tambaye su lafiyar hanya a ranar da za ki tashi, domin labarin makon jiya ba ya amfani. A tashi da sassafe, a sauka kafin la'asar. A duba safaya da jak kamar yadda ake duba mai. Ruwan shan yara ki taho da shi ko ki tafasa. Ki kuma tuna wa maigida ya tambayi malamai hukuncin ƙasaru, domin a mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, ana rage salla mai raka'a huɗu a cikinta. Wadda ba su da mota kuwa kada ta karaya, duk garuruwan nan a kan babbar hanya suke, motocin haya ba sa yankewa, sai dai a rage kaya.

Tsibiri na gaske ma muna da shi a Jihar Kebbi. A ƙasar Yawuri akwai gungu-gungu a cikin Kwara, daga nan ne ma Gungawa suka samo sunansu, ko da yake da yawa daga tsibiran ruwa ya shanye su bayan an kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka sake wa mutanensu matsuguni. Yara sun sa mu alkawarin kai su, mun kuma ce in Allah Ya kai mu, in hanya ta yi lafiya. Amma na gindaya sharaɗi: ba mai shiga kwalekwale sai da rigar kariya daga nutsewa, kuma ba za mu shiga wanda aka cika maƙil ba. Haɗarin jirgin ruwan da ya auku kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya isa wa'azi.

Da muka dawo gida na zazzage jakata, ragowar kuɗin bai fi na cefanen kwana ɗaya ba, amma ba mu ci bashin kowa ba. A but ɗin mota kuwa ga albasa, ga gero, ga kaza biyu da Goggo ta rantse sai mun tafi da su. Da aka koma makaranta malamin ya sake ba su insha'i irin na wancan karo. Ɗana ya rubuta shafi uku, a kan rudu, da madugu, da tayar da ta yi faci, da kakarsa. A wannan karon ban samu ƙarya ko ɗaya a ciki ba, sai dai ya ce kunamar ta kai girman tafin hannunsa.

Yanzu duk ranar Juma'a sai sun sa babansu ya kira ƙauye sun gaisa da Goggo. Asusun kuma na sake sayen wani. 'Yar'uwa, ke ma ki duba, wace tsohuwa ce taku da ke can tana ƙirga shekarun rabonta da ku? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Allah Ya ba mu ikon sada ta, Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.